Zamiyar Taya: Horon Jiki a Lokacin da Babu Dusar Ƙanƙara

Gabatarwa

Duk manomin Moriki ya san abin da kan same shi a makon farko na noma. Bayan watanni masu yawa na rani, ruwa ya sauka, shuka ta tsiro, sai a ɗauki fartanya a shiga noman fari. Kashegari mutum yakan tashi da ciwon baya da kafaɗu, tafin hannunsa ya yi bororo, kamar bai taɓa riƙe ƙota ba. Sai an yi mako biyu ko uku kafin jiki ya saba. Haka kuma ɗan kokawar da ya shafe damina bai kama kowa ba, idan kaka ta yi aka buɗe fage, shi ne kan fara haki.

Wannan matsala ba ta bar mutanen ƙasashen sanyi ba. A Norwe da Suwidin da Finlan akwai wasan tsere da ake yi ta hanyar zamewa a kan dusar ƙanƙara, wanda Turawa suke kira siki. Dusar takan rufe ƙasa daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, sa'an nan ta narke. Ɗan wasan da ya zauna jiran ta dawo zai tarar abokan karawarsa sun yi masa nisa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Saboda haka suka ƙera wani allo mai taya da suke horo da shi a kan kwalta. Wannan maƙala za ta bayyana yadda abin yake, da dalilan ilmin halitta da suka sa ake buƙatarsa, da kuma ƙa'idojin fara shi ba tare da an ji rauni ba. Ƙa'idojin sun shafi duk matashin da ya ɗora ƙafarsa a kan taya, har da masu takalmin taya da ake gani a titunan manyan birane.

Mene ne Zamiyar Taya?

A kan dusar ƙanƙara ɗan wasa yana ɗaura wa kowace ƙafa siririn allo mai tsawon kusan mita 2, ya riƙe sanda a kowane hannu yana dogarawa. Allon zamiyar taya gajere ne, tsawonsa tsakanin santimita 60 zuwa 70, an yi shi da alminiyom ko wani abu marar nauyi, da taya ɗaya a gaba ɗaya a baya. Takalmin yana maƙale da allon ta wajen yatsu kawai, diddige kuwa a sake yake, yana ɗagawa da kowane taku. Bakin sandar an yi shi da ƙarfe mai tauri ƙwarai domin ya kama kwalta.

Salon wasan iri biyu ne. A salon gargajiya ƙafafu suna tafiya gaba da baya a miƙe, kamar mai dogon taku. Allon wannan salo yana da faffaɗar taya, kuma an sa wa ɗaya daga cikin tayoyin wani maƙulli da ke hana ta juyawa baya, don ɗan wasa ya sami abin turawa. A salo na biyu, wanda ya bazu a farkon shekarun 1980, ana tura ƙafa gefe ne, hagu da dama, kuma tayarsa siririya ce. Sandar salon gargajiya takan kai wajen kafaɗar mai ita, ta salo na biyu kuwa takan kai haɓa ko leɓe.

An fara ƙera irin waɗannan alluna a Italiya da arewacin Turai a tsakiyar shekarun 1930. Hukumar wasannin zamiyar ƙanƙara ta duniya, wadda ake kira FIS, ta amince da zamiyar taya a matsayin wasa mai zaman kansa a 1992, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Holan a shekarar 2000.

Abin da Jiki ba ya Amfani da shi Yakan Zubar

Tsoka tana samun ƙarfin aiki ne ta hanyar ƙona sukari da kitse da iskar oksijin. Huhu yana shaƙo iskar, jini ya ɗauke ta, zuciya ta tura jinin zuwa tsoka. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan halittu da ake kira mitokondiriya, waɗanda su ne murhun da ake yin ƙonawar. Masana suna auna ƙarfin wannan tsari da abin da ake kira iyakar shan oksijin, wato mafi yawan oksijin da jiki zai iya amfani da shi cikin minti ɗaya idan aiki ya kai maƙura. Masanin Ingila A. V. Hill ne ya fito da wannan ma'auni a shekarun 1920. Saurayin da ba ya horo yakan sami mililita 35 zuwa 45 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Gwanayen tseren ƙanƙara sukan wuce 80, kuma suna cikin waɗanda suka fi kowa a duniyar wasanni, saboda hannu da ƙafa da baya da ciki duk suna aiki a lokaci guda.

Horo ne yake gina wannan ƙarfi. Yana ƙara yawan ruwan jini, yana sa zuciya ta tura jini mai yawa da kowane bugu, yana kuma ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka. A 1967 John Holloszy na Amurka ya nuna cewa ɓerayen da aka horar da gudu na makonni, sinadaran mitokondiriyar tsokarsu sun kusa ninkawa. Shi ya sa zuciyar mutum na yau da kullum take bugawa sau 60 zuwa 80 a minti idan yana hutawa, ta gwanin tsere kuwa tana iya sauka zuwa 40.

Amma jiki ba ya ajiye abin da ba a amfani da shi, domin ajiyewar tana cin abinci. A 1966, a birnin Dallas na Amurka, Bengt Saltin da abokan aikinsa suka kwantar da samari biyar masu shekara 20 a gado har mako uku. Da suka tashi, iyakar shan oksijin nasu ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake auna mutanen nan, aka tarar kwanciyar mako uku ta fi tsufan shekara 30 rage musu ƙarfi. A 1984 kuma Edward Coyle da abokan aikinsa suka bi 'yan wasan da suka daina horo: cikin mako uku sun rasa kashi 7 cikin 100, bayan mako takwas kuwa kashi 16. Idan mako takwas ya yi wannan ɓarna, mai karatu zai iya kwatanta abin da wata shida zai yi.

Me ya sa Gudu Kaɗai bai Isa ba?

Mai tambaya zai ce: to, don me ɗan wasan ba zai riƙa gudu da ƙafa kawai ba har dusa ta dawo? Labarin Philip Boit na Kenya ya amsa wannan tambaya. Boit ɗan tseren ƙafa ne, daga ƙasar da ta yi suna a gudu. A 1996 ya tafi Finlan ya fara koyon zamiya, a 1998 kuma ya shiga tseren kilomita 10 a gasar Olimfik ta lokacin sanyi a Nagano ta Japan. Shi ne ya zo na ƙarshe. Bjørn Dæhlie na Norwe, wanda ya ci tseren, ya tsaya ya jira shi a bakin layi ya rungume shi, abin da ya sa daga baya Boit ya raɗa wa ɗansa sunan Dæhlie. Huhun Boit da zuciyarsa ba su gaza ba. Abin da ya rasa shi ne shekarun da abokan takararsa suka yi suna maimaita wannan motsi tun suna yara.

Ƙa'idar ita ce: jiki yana sabawa ne da ainihin aikin da aka ba shi. Mitokondiriya tana ƙaruwa a tsokar da ta yi aiki, ba a maƙwabciyarta ba. Mai gudu ba ya wahalar da damtse da tsokar baya kamar yadda mai dogara sanda yake yi. Haka nan ƙwaƙwalwa tana koyon tsarin motsi ne daki-daki: wace tsoka za ta ɗaure, a wane lokaci, da wane ƙarfi. Matar da ta gwanance a daka ba lallai ta iya jan guga daga rijiya mai gaba ashirin ba tare da gajiya ba, alhali duk aikin hannu ne. Amfanin zamiyar taya shi ne motsinta ya fi kowane irin horo kama da na kan dusa.

Wannan ya buɗe ƙofa ga mutanen ƙasashen zafi. Robel Teklemariam, wanda ya wakilci Habasha a 2006 da 2010, ya yi horo da allon taya a titunan Addis Ababa. Pita Taufatofua na tsibirin Tonga ya tara yawancin makin da ya kai shi gasar 2018 a Koriya ta Kudu ta hanyar tseren taya. Nijeriya ta fara shiga Olimfik ta lokacin sanyi a wannan shekara ta 2018, a 2022 kuma Samuel Ikpefan, wanda aka haifa a Faransa, ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya yi tseren zamiyar ƙanƙara a gasar, a birnin Beijin na ƙasar Sin.

Daidaiton Jiki

Babban abin da sabon shiga yake koyo shi ne tsayuwa a kan ƙafa ɗaya alhali ƙafar tana tafiya. Jiki yana dogara da majiyoyi uku don kada ya faɗi. Na farko ido. Na biyu kunnen ciki, inda akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, waɗanda suke sanar da ƙwaƙwalwa duk lokacin da kai ya juya, tare da wasu jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi da ke jin karkata da sauri. Na uku su ne majiyoyin da ke cikin tsoka da agara da gaɓoɓi, musamman idon sawu, waɗanda suke faɗin inda kowace gaɓa take ko da ido a rufe. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ita take haɗa waɗannan saƙonni ta gyara tsayuwa. Maimaitawa kaɗai ke koya mata, kamar yadda yarinya take koyon ɗaukar tulu a ka ba tare da ta riƙe ba. Ƙarfin tsoka ba ya maye gurbin wannan koyo, shi ya sa ƙaƙƙarfan saurayi yakan fi kowa shiga haɗari: yana da ƙarfin yin gudu, amma bai koyi sarrafa shi ba tukuna.

Lissafin Haɗari

Abu biyu suka raba kwalta da dusar ƙanƙara. Kwalta ba ta da taushi, sa'an nan yawancin allunan taya ba su da birki. Ɗaliban kimiyyar fiziks sun san cewa ƙarfin abu mai tafiya yana ƙaruwa ne da ninkin gudunsa sau kansa: idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karo ya ninka sau huɗu. Ga kwatancin karo da abu mai tauri da faɗowa daga sama:

Gudun kilomita 10 a awa: kamar faɗowa daga santimita 40.
Gudun kilomita 20 a awa: kamar faɗowa daga mita 1.6.
Gudun kilomita 30 a awa: kamar faɗowa daga mita 3.5, wato saman soro.
Gudun kilomita 40 a awa: kamar faɗowa daga fiye da mita 6.

Ƙaramar gangara ta isa ta kai mutum gudun kilomita 30. A wannan gudu yana cin fiye da mita 8 a daƙiƙa ɗaya. Daga ganin abu zuwa fara motsi, jijiyoyi suna buƙatar aƙalla rubu'in daƙiƙa, wato ya riga ya ci mita 2 kafin ya yi komai. Tayar kuma ƙarama ce, tsakuwa ɗaya ko tarin rairayi ko tsagewar kwalta tana iya tsayar da ita nan take, jiki kuwa ya ci gaba da tafiya. Mai faɗuwa yakan miƙa hannu don ya kare kansa, shi ya sa karayar wuyan hannu ta yi yawa a irin waɗannan wasanni. Mafi muni shi ne buguwar kai, domin ƙwaƙwalwa tana iyo ne a cikin ruwa, idan ƙoƙon kai ya tsaya farat ɗaya sai ta bugi ƙashi daga ciki. Wannan lissafi ya isa gargaɗi ga mai takalmin taya da ke riƙe bayan mota ko babur mai ƙafa uku don a ja shi.

Matakan Farawa

1. Kayan kariya. Hular kwano irin ta masu keke wajibi ce a kowace fita, a kuma ɗaure igiyarta. A sa safar hannu da matashin gwiwa da na gwiwar hannu, da riga mai haske da direba zai hango. Hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi a sauya ta ko da ba a ga tsaga ba.

2. Zaɓen wuri. A nemi fili shimfiɗaɗɗe mai siminti ko kwalta, wanda abin hawa ba ya shiga, kamar filin ƙwallon kwando na makaranta, a share shi tukuna. Babban titi irin wanda ya tashi daga Ƙaura Namoda ya bi ta Moriki zuwa Shinkafi, inda manyan motoci da babura da dabbobi suke haɗuwa, ba wurin koyo ba ne.

3. Tayoyi masu nauyin juyawa. Masana'antu suna yin tayoyi masu sauri da marasa sauri. Sabon shiga ya zaɓi marasa sauri.

4. A fara a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, inda taya ba ta gudu. A koyi tsayuwa da taku da juyawa, gwiwa da idon sawu a ɗan lanƙwashe, nauyin jiki a gaba kaɗan. Wanda ya miƙe ƙyam yakan faɗi ta baya.

5. A koyi tsayawa kafin a koyi gudu. Hanya ta farko ita ce a buɗe ƙafafu sosai a karkata bakin allunan ciki kaɗan ana danna su waje. Ta biyu ita ce a fita gefen hanya zuwa ciyawa ko rairayi, ƙafa ɗaya a gaba, nauyi a ta baya. Kada a taɓa kafa sanda a gaba don tsayawa, domin gindinta yana iya soke ciki ko ƙirji.

6. A yi kwanakin farko ba tare da sanda ba, don ƙafa ta koyi aikinta. Gangarar da ba a san ƙarshenta ba, a kwance allo a sauka da ƙafa.

7. A ƙara aiki sannu a hankali. Minti 20 zuwa 30, sau biyu ko uku a mako, ya isa farko. Dalili shi ne sassan jiki ba sa sabawa tare. Ruwan jini yana ƙaruwa cikin kwanaki, tsoka cikin makonni, amma agara da ƙashi suna buƙatar watanni saboda jinin da ke isa agara kaɗan ne kuma ƙashi a hankali yake sabunta kansa. Mutum yakan ji numfashinsa ya gyaru ya ƙara aiki, alhali gwiwar hannunsa, wadda ke shan girgizar sanda a kan kwalta, ba ta shirya ba.

8. Ƙujewa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu, a cire tsakuwa, a rufe, a kuma tabbatar an yi allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora. Wanda ya bugi kai ya ji jiri ko amai ko ruɗewa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, kada ya koma wasa a ranar.

Zafin Ƙasar Hausa

Akwai haɗarin da ɗan Norwe bai cika damuwa da shi ba amma ya zama babba a arewacin Zamfara. Daga ƙarfin da tsoka take samu a abinci, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar ne kawai yake zama motsi, saura duk zafi ne. Jiki yana son ya tsaya a wajen digiri 37. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana a Zurmi da Shinkafi yakan wuce digiri 40, wato iska ta fi jiki zafi, ga kwalta tana turo nata daga ƙasa. A irin wannan hali gumi ne kaɗai mafita, kuma mai aiki tuƙuru yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 a awa. Ruwan nan daga jini yake fita, sai zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 mutum ya fara ruɗewa ko tangaɗi, ransa yana cikin haɗari: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nemi asibiti.

Saboda haka horo sai da sassafe ko da la'asar sakaliya, a watan azumi kuwa bayan an sha ruwa. Jiki yana buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Ɗalibi zai iya auna nauyinsa kafin horo da bayansa: kowane kilo da ya ragu daidai yake da kusan lita ɗaya ta ruwa, kuma rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙwazo. Ga mai kilo 50 wannan kilo ɗaya ne kacal. Hunturu ya fi dacewa da horo, sai dai ƙurarsa tana tayar wa masu fuka da ciwonsu. Mai cutar sikila ya nemi shawarar likita kafin kowane horo mai tsanani. Mai ɗauke da rabin gadonta, wato mai jini AS, yana iya wasa, amma ya kiyayi aikin maƙura cikin zafi da ƙishirwa.

Gwaji a Makaranta

Malami ba ya buƙatar allon taya don ɗalibansa su ga waɗannan ƙa'idoji da idonsu. Agogo da benci sun isa.

Gwaji na farko: ɗalibi ya ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na daƙiƙa 15 ya ninka sau 4. Ya hau ya sauka a benci mai tsayin santimita 30 har minti 3 da taku ɗaya ba sauyi, ya zauna, bayan minti ɗaya ya sake ƙirgawa. A rubuta sakamakon a ƙarshen zangon karatu, a maimaita a makon dawowa daga dogon hutu. A kwatanta waɗanda suka yi hutun a gona da waɗanda suka yi shi a zaune.

Gwaji na biyu: ɗalibi ya tsaya da ƙafa ɗaya, abokinsa na kusa da shi don tallafi, a auna daƙiƙoƙin da zai yi ido buɗe, sa'an nan ido rufe, sa'an nan a kan rairayi mai laushi. Ɗalibai su bayyana wace majiya aka rage wa aiki a kowane mataki. A riƙa maimaitawa minti 5 kullum har mako uku, a zana sakamakon a jadawali.

Kammalawa

An ga cewa ƙarfin jiki yana zuba cikin makonni idan an bar shi, kuma horon da ya fi amfani shi ne wanda ya yi kama da aikin da ake shirya wa. An ga kuma cewa zuciya da tsoka suna rigan agara da daidaiton jiki sabawa, kuma a wannan tazara ce yawancin raunuka suke aukuwa. Ɗan wasan ƙasar sanyi ya warware matsalarsa da allo mai taya, hular kwano da haƙuri. Ɗan kokawa ko ɗan ƙwallon makaranta a Moriki zai iya bin wannan tsari da abin da yake da shi: ya ware kwana biyu ko uku a mako a lokacin da babu gasa, ya yi motsin da ya yi kama da wasansa, ya ƙara kaɗan-kaɗan, ya kuma rubuta bugun zuciyarsa a littafi don ya ga ko jikin yana amsawa.